Me ya sa manyan kantunan nan duk suka taru a Zoo Road, mu na Kurna fa?

Baffa Kurna:
Salamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya yau dai na ce sai na kawo shi nan ko a samu mai fahimtar da ni. Shekaranjiya uwargida ta matsa sai mun je kanti an haɗo kayan azumi, daga Kurna sai da muka hau adaidaita biyu kafin mu isa Zoo Road, dawowa kuma da kaya dole shata muka ɗauka, kuɗin shatar nan kaɗai ya kusa sayen kwanon sukari. Ina cikin adaidaita ina lissafi, Sahad yana Zoo Road, Ado Bayero Mall yana Zoo Road, Jifatu ga shi can titin Zariya ba nisa, sauran ma in ka duba duk Tarauni ne da Nassarawa GRA da wajajen nan. To mu mutanen Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa fa? Wallahi mutanen da ke kwana a Kurna kaɗai sun ninka na GRA ban san sau nawa ba. Ko kuɗinmu ne ba ya kashuwa?

Ɗan Singa:
Wa'alaikumus salam Baffa. Kuɗinku yana kashuwa mana, ai mu muke karɓarsa. Duk mai shagon da ke layinku wajenmu yake zuwa sari. Abin da ya sa ba a kawo muku kanti ba, ba yawan kai ake ƙirgawa ba, nauyin leda ake dubawa in mutum zai fita.

Baffa Kurna:
Kai Alhaji wannan ai zagi ne a kasuwa

Ɗan Singa:
Allah ya ba ka haƙuri ba haka nake nufi ba. Bari na warware maka. Mutumin Kurna dubu za su iya sayen madara yau, amma kowa sacet ɗaya ko biyu zai saya, na shayin safe, gobe ma ya sake aiko yaro. Mutum ɗaya a GRA zai zo da mota ya ɗauki katan ya haɗa da man gyaɗa galan biyu da buhun shinkafa ya wuce, ba za a sake ganinsa ba sai ƙarshen wata. Mai kanti na biyun yake nema saboda kashiya ɗaya minti biyar ta sallame shi. Na farkon kuwa sai mai shago, shi ne zai iya zama tun asuba yana miƙa maggi na hamsin da omo na ɗari. Ribar kayan masarufi siririya ce sosai Baffa, a katan ɗin taliya wani lokacin abin da muke samu ko kuɗin ɗan dako bai kai ba, yawan fitar kayan ne yake rufa asiri.

Maman Iman:
Amma Baffa ka manta Sahad na Mandawari, ai wannan cikin gari ne sosai ba GRA ba

Baffa Kurna:
Hajiya Mandawari ai gida ne a wajensu, kuma daga Kurna zuwa Mandawari ma tafiya ce. Ni abin da ya fi ba ni mamaki kantin da aka haifa a Kano ya tsallake unguwanninmu ya tafi Abuja ya buɗe a Area 11 ya sake buɗe ƙaton gini a Central Area, har Dutse an kai, amma titin Katsina inda muke shiru.

Malam Sabo Dutse:
A'a Baffa kar ka sa mu a ciki mu ma lallaɓawa muke 😂 Amma dai ka duba me Dutse take da shi. Tun da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991 ta zama babban birnin jiha, ga sakatariya ga jami'ar tarayya ga ma'aikata, wato masu jiran alat a ƙarshen wata. Haɗejia ta fi Dutse kasuwanci nesa ba kusa ba, kowa ya san wannan, amma a Dutse 'yan albashi suka taru. In ka ɗauki taswira ka ɗiga inda kantunan nan suke, to taswirar albashi ka zana ba ta yawan jama'a ba. Abuja kuwa ai gaba ɗayanta garin albashi ce.

Ummu Sudais:
Ku bari na sa baki don ni na yi aikin kashiya kusan shekara uku a wani babban kanti a nan Kano kafin na yi aure, ba zan kama suna ba. Abin da Malam Sabo ya faɗa haka yake, mu ko kalanda ba ma dubawa, layi ne yake gaya mana an yi albashi. Daga wajen 25 ga wata zuwa 5 ga sabon wata ko ruwa ba ka samun sha da kyau, daga 10 zuwa 20 kuwa sai ka ga muna goge kanta muna hira. A yini ma haka, safe babu kowa sai masu sayen burodi da direbobin da aka aiko da takarda, bayan Azahar a fara ɗigowa, daga La'asar zuwa bayan Isha nan ne ake yin cinikin yini gaba ɗaya. Asabar da Lahadi da yamma kuma sai dai addu'a.
Sannan akwai lokuta na shekara da kowa a kantin ya haddace. Sati biyu kafin azumi, sukari da madara da ganyen shayi da mai da dabino, wasu masu hali katan katan suke ɗauka na rabo. Goman ƙarshe kasuwa ta juya ta koma ɓangaren atamfa da shadda da takalman yara, ɓangaren abinci ya yi sanyi. In za a koma makaranta iyayen 'yan kwana su cika wurin da sayen furobishin, gari da sukari da sabulu da madarar gwangwani. Sai lokacin bukukuwa bayan Sallah da ƙarshen shekara, masu haɗa lefe da masu gara da masu kayan kicin, su ne kwastomomin da manaja da kansa yake fitowa ya gaishe su.

Abban Khairat:
To ranar Sallah fa Anti, ai nan ne kuke kwasar kuɗi, wurin ko masaka tsinke babu

Ummu Sudais:
Hmm Abban Khairat ranar Sallah cika ce kawai ba ciniki ba. Yara ne da samari da 'yan mata, a sha AC a yi hoto a sayi askirim ɗaya mutum huɗu su raba. Ka tsaya tun safe har dare ƙafarka ta kumbura, da aka zo haɗa lissafi sai ka ga wata Laraba ta ƙarshen wata da ba hayaniya ta fi ta kuɗi. Ga ɓarna, ga kayan da ake ɗauka a ajiye a inda ba wurinsu ba, wani har buɗe biskit zai yi ya ci ya mayar da ledar.

Abban Khairat:
Wallahi ni ma na yi wannan hoton a Shoprite lokacin da aka buɗe, ba zan ɓoye ba 😂 2014 ne, mu shiga mu zagaya mu fito da burodi ɗaya, ledar nan tasu kuwa sai an riƙe ta yadda kowa a unguwa zai gani

Injiniya Tarauni:
To ai kun kawo mu inda ya kamata. Duk mai son fahimtar maganar Baffa ya kalli Shoprite ta Kano. Kamfanin Afirka ta Kudu ne, sun shigo Najeriya a ƙarshen 2005 ta Lekki a Legas, suka iso Kano a 2014 cikin Ado Bayero Mall, a 2021 uwar kamfanin ta sayar da harkarta ta Najeriya ga 'yan kasuwar gida, a Janairun 2024 aka rufe reshen Kano. Shekara goma kenan ba ta cika sosai ba. Kuma a Zoo Road ɗin nan da Baffa yake ganin an fifita fa, ba a Kurna ba. Wato ko a inda masu kuɗin suke ma abin bai tsaya ba. Jama'a kuwa babu wanda zai ce ba sa zuwa, har daga Katsina da Jigawa ake zuwa yawon buɗe ido.

Baffa Kurna:
To me ya kashe su Injiniya, tunda ga mutane ga wuri?

Injiniya Tarauni:
Su dai abin da suka faɗa a sanarwarsu yanayin kasuwanci ne da tsadar gudanarwa. Ni kuma a matsayina na mai aikin lantarki abin da nake gani shi ne, irin wannan kanti firiji da ɗakin sanyi ba sa mutuwa dare da rana, ga AC ga fitilu ga gidan burodi, in babu wutar KEDCO janareta ne zai ɗauka, dizal kuwa kowa ya san yadda ya tashi tun 2022. Ka ƙara da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwanaki, sannan aka saki naira a watan Yuni duk abin da ake shigowa da shi ya ninka. Kwastoman da yake cika kwando ya koma rabin kwando, kai kuma kuɗin sanyaya wurin bai ragu da sisi ba. Bayan nan ma a Afrilun 2024 aka kai 'yan Band A, wato layukan da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, kuma manyan kantuna yawanci a irin waɗannan layukan suke. Yanzu Baffa ka ɗauki wannan nauyin ka kai shi unguwar da ciniki na ɗari biyu ɗari uku ne, wata nawa za a yi?

Hajiya Babba:
Yarana ku bari tsohuwa ta ce wani abu. Duk bayanin dizal ɗin nan gaskiya ne amma ai Sahad da Jifatu su ma ba da hasken farin wata suke aiki ba, su ma dizal suke saye, me ya sa su suna nan? Ni a ganina sanin hali ne. Bahaushiya in ta fita sayayya ba tumatir a leda take nema ba, tumatir tana da Yankaba, lemo da kankana tana da 'Yan Lemo, hatsi a kai ta Dawanau, nama kuwa tana da mahaucinta da ta sani shekara ashirin, ta ga an yanka ta zaɓi inda take so a ƙara mata gyara. Ba za ta sayi naman da ya kwana a firiji an naɗe shi da leda ba ko da kuwa halal ne. Abin da zai kai ta kanti shi ne atamfa da leshi da turare da kwanuka da kayan yara, in ta gama sai ta ɗauki madara da taliya a hanyar fita. Namu sun gane haka, shi ya sa za ka ga bene guda na yadi ne, wani na kayan ɗaki da na wuta. Waɗancan kuwa sun zo da tsarin garinsu, rabin wurin firiji ne da cuku da abubuwan da ko sunansu ban iya ba.

Maman Iman:
Mama kin gama magana wallahi. Ni a Abuja nake, Kubwa, kuma in na ce zan je Sahad to yadi ne ya kai ni ko kayan kicin, kayan miya kuwa kasuwar Dutsen Alhaji ko Dei-Dei. Kuma a Abuja akwai wani abu, duk ɗan Arewa da ke neman shadda ko atamfa mai kyau ba ya son shiga cunkoson kasuwar Wuse can yake nufa, ranar Juma'a bayan masallaci ka je Central Area ka ga manyan riguna kamar ana ɗaurin aure. Wato sun bi mutanensu ne zuwa Abuja, ba wai sun je neman sabbin mutane ba.

Sadiq Lawyer:
Amma kar a yi ta yabo a manta, a Fabrairun 2024 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta rufe reshen Sahad na Area 11 na ɗan lokaci a kan zargin farashin da ke kan kanta ya bambanta da wanda ake caja a wajen biya, daga baya aka buɗe bayan sun yi alƙawarin gyarawa. Labari ne da duk jaridu suka ɗauka. Na kawo shi ne don abin da kanti yake sayarwa na farko ba kaya ba ne, yarda ce cewa abin da aka rubuta shi za ka biya babu ciniki. In wannan ya samu matsala to me ya raba shi da kasuwa?

Ummu Sudais:
Barista ban san nasu ba amma zan gaya maka yadda yake faruwa a inda na yi aiki. A lokacin da kaya ke tashi kullum, ofis za su canza farashi a kwamfuta da safe, yaran da ke liƙa takarda a kanta su biyu ne ko uku ga kaya dubbai, kafin su zagayo an sake canzawa. Kwastoma ya zo ya sauke min kwandon masifa ni da ban san hawa ba ban san sauka ba. Ba ina kare kowa ba ne, haƙƙin mai saye ne a caje shi abin da ya gani, shi ya sa har gobe nake ce wa mutane ku duba risit kafin ku bar bakin ƙofa.

Sadiq Lawyer:
Na yarda yana faruwa haka Hajiya, sai dai doka ba ruwanta da yaran liƙa takarda su nawa ne, a ƙara ɗaukar ma'aikata

Kawu Texas:
Salam jama'a, yanzu na tashi na tarar da saƙo sun fi hamsin. Baffa ka kwantar da hankalinka wannan kukan naka har a Amurka ana yin sa. A nan Texas akwai kanti H-E-B, tun 1905 aka fara shi a wani ƙaramin gari Kerrville, hedikwatarsu San Antonio, shekara sama da ɗari amma a duk Amurka a jihar Texas kaɗai suke da kantuna, sai dai suka tsallaka Meziko. Abin da zai ba ka mamaki yankin Dallas da ke cikin Texas ɗin ma sai a 2022 suka fara shiga da ƙarfi da sunan H-E-B a can, kuma da suka tashi ba unguwar talakawa suka fara ba, Frisco suka je inda masu hali suke, mutanen kudancin Dallas suka yi ta ƙorafi irin naka sak. Dalilin da ya sa ba sa gaggawar bazuwa shi ne sito. Kanti ba ya nisa da inda motarsa za ta ɗauko kaya ta kai ta dawo, sai sun kafa sito da hanyar mota tukunna su fara zuba rassa kewaye da shi. Ka duba namu ma, Kano, Dutse, Abuja, ko Jifatu da ke Gusau da Sakkwato da Kano, duk hanyar da tirela ta saba bi ce.

Ɗan Singa:
Kawu wannan batu na sito gaskiya ne, kuma shi ya sa Kano ta zama uwa. Kamfanoni a nan suke sauke kaya, daga kasuwar Singa ake lodin Maiduguri da Damaturu da Katsina har Nijar da Chadi. Amma kuma shi ne dai abin da yake hana kanti sakewa a Kano, don duk wanda zai sayi katan ya san hanyar Singa, ya zo ya taya a rage masa. Kanti yana gasa da wanda yake sarowa a wajensa, ka ga kuwa akwai aiki.

Kawu Texas:
Sai dai wani abu da su H-E-B suka yi wanda namu ba su yi ba, sun fito da wani ƙaramin samfuri mai suna Joe V's don unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, kaya kala kaɗan, ba ado, a bar su a cikin kwalinsu, farashi ƙasa. Ina ga irin wannan ne zai yi aiki a Kurna ba mai bene uku ba.

Maman Iman:
Kawu ai an fara irinsa a Legas, Bokku, ƙananan shaguna cikin unguwa, ƙanwata da ke Agege ta ce burodinsu ake bin layi. Kudu dama kowane yanki da nasa, Justrite a ƙasar Yarbawa, FoodCo a Ibadan, Roban wajen Enugu, Market Square daga Fatakwal. Kowa ya riƙe inda ya sani.

Baffa Kurna:
Yauwa to ga shi nan, ashe ana iyawa. Me zai hana wani Alhajin ya yi mana irinsa a titin Katsina?

Isiya Mai Shago:
Baffa ina ta karantawa ina shiru don ni ake shirin kashe wa kasuwa 😂 Shagona a Rijiyar Lemo yake shekara goma sha ɗaya. Tambaya ɗaya zan yi maka tsakaninka da Allah, ranar 18 ga wata in sukari ya ƙare a gidanka aljihu ba komai, wa kake aika wa yaro?

Baffa Kurna:
Kai Isiya Allah ya shirye ka, a gaban mutane?

Isiya Mai Shago:
To ka gani. Ina da littafi guda na bashi, malaman makaranta ne a ciki da 'yan adaidaita da zawarawa da ma'aikatan ƙaramar hukuma, wani tun na azumin bara bai gama biya ba kuma gobe in ya aiko zan ba shi don na san gidansu na san mahaifinsa. Kwamfutar kanti ba ta san wannan ba. Sannan ni ina fasa kwali in fasa leda in ƙulla sukari na ɗari, in auna mai a murfi, in sayar da ƙwai ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a Kano 71,000 ne, ka cire haya da kuɗin mota da makarantar yara ka gaya min me ya rage da mutum zai tura kwando da shi. Masu wannan albashin ma su ne 'yan gata, mafi yawan mutanen layinmu sai sun fita sun samo ake ɗora tukunya, cefanen yini ake yi ba na wata ba. Ba na cewa kanti ba zai zo ba, zai zo, amma ranar albashi kawai zai gan ku, sauran kwana ashirin da biyar nawa ne.

Abban Khairat:
Amma Isiya lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 ai kun sha wuya, kowa kanti ya gudu saboda su ke da POS

Isiya Mai Shago:
Wallahi an sha, wannan ba ƙarya. Watan Fabrairun nan ba zan manta da shi ba, ba tsabar kuɗi a hannun kowa, ni kuma ko asusun banki na kirki ba ni da shi, ina kallo kwastomomina suna hawa adaidaita su tafi inda za su sa kati. Amma ai ta koya mana hankali, yanzu ga Moniepoint a kan teburina ga lambar Opay na liƙa a ƙofa, mai kayan miya na gefena ma tiransifa yake karɓa. Wannan fifikon da suke da shi ya tafi.

Hajiya Babba:
Kuma ku ƙara da maganar mata. Da yawa a unguwannin nan ba sa fita sai da dalili, yaro ake aikawa ko almajirin gida. Yaro ɗan shekara takwas ba za ka aike shi babban kanti ya tsallaka titin Katsina ba, amma shagon Isiya ko ba takalmi zai je ya dawo kafin ruwan shayi ya tafasa. A GRA kuwa matar ce da kanta za ta ja mota.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan kantunan kayan masarufi da muke ce ma alimantasiyo ƙanana ne, manyan irin naku sai Yamai, can ma unguwannin ma'aikata da baƙi suke. Mutanenmu in sun zo Kano sari Kwari da Singa suke nufa, amma ba mai komawa bai leƙa Zoo Road ya sayo tsarabar yara ba. Ku sa mu cikin lissafin cikar da kuke gani, ba duka Kanawa ba ne. Da aka rufe iyaka a 2019 da kuma bayan juyin mulkin 2023 na tabbata masu kantin sun ji a jikinsu.

Injiniya Tarauni:
Wannan ma wani dalilin ne na Zoo Road da ban kawo ba. Baƙon da ya shigo ta titin Zariya ko ta titin Maiduguri yana isa mahaɗar Dangi ya karya ya shiga, ga fili na fakin. A Kurna ina za ka samu filin da mota hamsin za ta tsaya ba ka rushe gida ashirin ba? Kuma su kantunan suna son maƙwabtaka da juna, wanda ya zo don ɗaya zai leƙa ɗayan, kamar dai yadda 'yan waya suka taru a Farm Centre.

Baffa Kurna:
Na ji duk bayananku kuma na gode, amma ni har yanzu ban sauka gaba ɗaya ba. Ku zo ku ga gidajen da ake ginawa daga Bachirawa zuwa Dawanau, ku ga motocin da ke fitowa daga lungunan nan da safe, 'yan kasuwar Dawanau masu lodin riɗi da zoɓo zuwa waje ai ba a GRA duka suke kwana ba. Akwai kuɗi a yankin nan, kawai ba kuɗin alat ba ne shi ya sa mai lissafi daga ofis ba ya ganinsa. Duk wanda ya fara kawo matsakaicin kanti nan, ba mai bene ba, mai burodi mai kyau da kayan yara da farashi a rubuce, wallahi sai ya gode min.

Ɗan Singa:
To Baffa ga shawara, ka nemo fili mu haɗa jari, ni in kawo kaya Ummu Sudais ta riƙe mana kashiya Injiniya ya sa mana sola

Ummu Sudais:
Ni dai da sharaɗin ba na aiki ranar Sallah

Isiya Mai Shago:
Ku buɗe lafiya, amma Baffa kafin a yanka ribon a zo a rufe shafi na 14 a littafina

Baffa Kurna:
Admin dan Allah a cire Isiya daga zauren nan

Maman Iman:
😂😂 Kafin a cire shi, Alhaji Ɗan Singa nawa katan ɗin taliya yau a wajenku? Ina son a haɗa min na rabon azumi a sa a motar Abuja

Ɗan Singa:
Hajiya bari na isa kasuwa na gani tukunna, na jiya ba shi ne na yau ba. Zan miki magana ta gefe bayan Azahar in sha Allah.